Fiffiken Haruna

Mijina Haruna ya yi furfura a ɗakin zane na wata masaƙa a Kakuri. Aikinsa kullum ɗaya ne: a miƙo masa hoton wani babba mai kaki, ya kewaye shi da furanni, a buga a atamfa. Ni Lydia na ɗaura fuskokin mutanen da ban sani ba har na gaji. Shi kuwa abin da ke cin ransa, ritaya ta ƙarato, ba a taɓa buga zanen da ya fito daga kansa ba.

Ana shirin sojoji su miƙa mulki a 1999, 'yarmu Irene ta zo hutu daga jami'a, inda take karatun ƙwari. Ƙwari dai, duk karatun da ke duniya. Ta zo da wani ɗan dutse ruwan zuma da malaminta ya ara mata, wai daga ƙasar waje aka samo shi.

"Baba, ƙaron itace ne ya daskare," in ji ta. "Duba ciki."

Haruna ya ɗauko gilashinsa na duba zare. A ciki akwai ɗan ƙwaro, irin masu tsalle a ganyen masara suna tsotse ruwansa, ƙafafunsa a naɗe. Irene ta ce irinsa ya ƙare a duniya tun shekaru miliyoyi. Ni dai na bar wa Ubangiji wannan lissafi. Amma mijina ya manta da tuwonsa, yana ta bin jijiyoyin fiffiken nan da fensir.

Da ya kai zanen masaƙa, manajan ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Baba Haruna, kowa na neman atamfar biki mai fuska, kai ka kawo mini ƙwaro?"

Ya dawo gida kamar wanda aka yi wa sata. Raina ya ɓaci ƙwarai. Washegari na naɗe takardar, na kai wa matan zumunta a cocinmu na Sabon Tasha, da ma muna neman anko. Christy, shugabarmu, ta juya ta sama, ta juya ta ƙasa.

"Mama Irene, wannan ko gwamnati ta sake canjawa ba sai an ɓoye shi a ƙasan akwati ba."

Muka cika bas muka tafi wajen manajan. Mutumin da ya iya yi wa tsoho ɗaya dariya bai iya yi wa matan zumunta ba. Ya buga, ruwan zuma da baƙin layi.

Bayan bikin miƙa mulki, wata Asabar na ja Haruna kasuwa ya riƙe mini jaka. Muna tsaye a rumfar atamfa sai ga wata mata da ba mu taɓa gani ba.

"Kuna da Fiffiken Haruna?"

Ashe sunan da 'yan kasuwa suka sa mata ke nan. Mai rumfa ya ce ta ƙare, sai wani mako. Na waiwaya, mijina ya sunkuyar da kai. Shi kunya ce ta kama shi. Ni kuwa alfahari ya cika ni, na kamo hannun matar.

"Baiwar Allah, atamfa ta ƙare, amma ga Harunan nan. Mijina ne."