Gawa Mai Wando

Ranar da Verena ta fara shiga ɗakin feɗe gawa, sai ta tarar da mamacin kwance a kan tebur sanye da wando, har da bel. Ta ɗauka mantuwa ce. Ina! Farfesa Amstutz ya shafa gemu, ya ce tunda ita ce mace ta farko a jami'ar nan tasu ta Suwizalan, majalisar jami'ar ta yarda ta karanci likitanci, amma daga cibiya zuwa sama. Darasin ƙasan cibiya sai ranar Alhamis, ita kuwa ba ta da izinin shiga ranar Alhamis.

Goggonta Regula, wadda doka ta ce sai da rakiyarta Verena za ta zauna cikin maza, ta ajiye saƙarta ta ce wannan kam jami'a ce mai tarbiyya. Washegari ma ta kawo wandon marigayi mijinta, wai na gawar ya koɗe.

Samari suka laƙaba wa Verena Rabin Likita. Kaspar, wanda har yanzu a hagu yake neman hanta alhali tana dama, shi ya fi kowa baki.

"Rabin Likita, in na karye a ƙafa fa?"

"Sai in duba kanka," in ji ta. "Can ciwon yake."

Amma abin yana cin ranta, don jarrabawa babu ruwanta da cibiya. Ta ari littattafai, ta riƙa bin ungozoma gida-gida cikin dusar ƙanƙara, har ta haddace sauran rabin.

* * *

Ranar jarrabawa dattawan malaman jami'ar suka tambaye ta yadda jariri ke bi ta ƙugu ya fito. Ta zuba bayani tiryan-tiryan, har da zane a allo. Wani dattijo ya ƙware da yawunsa.

"Amsa dai daidai ce," in ji Farfesa, kunnuwansa jawur. "To amma 'yar mutunci, a ina kika san wannan?"

Suka haɗa kai suka yi ƙus-ƙus. Da ba ta sani ba, da jahilci ne ya kayar da ita. Tunda ta sani, sai suka kayar da ita don rashin kunya. Ta fito idonta ya ciko, Goggo na biye tana cewa ai dama ta faɗa.

* * *

Asibitin gari ya ɗauke ta aikin jinya. Kullum da safe tana wanke majinyata maza tas, daga kai har yatsun ƙafa, babu wanda ya ce uffan. In Likita Kaspar ya shigo zagaye, sai ta matsa gefe ta riƙe masa kwanon wanke hannu.