Rimot a Hannun Sewuese

"Ba zan canza ba, Oga."

Sewuese ta faɗi haka rimot na damƙe a hannunta, bayanta jingine da bangon langa-langa na gidan kallon ƙwallo da ke Akurba, a Lafiya. Babandi, mai wurin, ya tsaya yana dubanta kamar bai ji da kyau ba. Tun da ta gama difloma ta rasa aikin ofis take yi masa aiki, ita ce a bakin ƙofa, ita ce mai tayar da janareta, bai taɓa jin a'a daga bakinta ba.

Asabar ce da la'asar, ɗakin ya cika maƙil da mazan da suka zo kallon Asenal da Chelsi. A daidai lokacin kuma wata tasha na nuna wasannin ƙasashen Afirka, inda yayanta Terhide ya kai zagayen ƙarshe a tsallen sama na maza. Babandi ya yi mata alkawarin ƙaramar talabijin ta kusurwa, amma da aka kunna fankoki sai janareta ya kasa ɗaukar biyu. Ita kuwa ta juya babbar zuwa tashar da ake nuna yayanta.

"Da ya yi tsallensa zan mayar," in ji ta.

Ta ɗauka tsallen sama kamar ƙwallo ake nuna shi, daga farko har ƙarshe. Ashe masu kyamara gudu suke bi. Sai a leƙa wajen 'yan tsalle, a nuna mutum ɗaya, a koma. Mata suka yi ta zagaya fili, aka yi rabon lambobi, aka buga taken wata ƙasa. Babu Terhide.

"Madam difloma, abeg!" Nababa mai keke ya ɗaga murya daga benci na gaba. "In tsalle kike so, zo na tsallake miki benci kyauta!"

Aka kwashe da dariya, dariyar ba ta daɗe ba. Maza suka fara miƙewa. Ƙofa ɗaya ce, tana can bayansu. Zufa ta jiƙa mata riga, warin fetur ya cika mata hanci. Idan ta mayar ko na ɗan lokaci, tana iya dawowa ta tarar an wuce shi. Ta tuna shekarun da Terhide ya yi yana faɗawa kan buhunan ƙaiƙayi a bayan injin shinkafa, don babu katifa, ita ce ke ɗora masa gora kan ƙusoshi. Ta cusa rimot a hamata ta matse.

"Sewuese, kada ki sa mu yi ɓatacciya," Babandi ya ce ƙasa-ƙasa. "Mutanena ne waɗannan. Gobe ma su zan nema."

"Na sani, Oga. Yi haƙuri."

Sai ga Terhide a allo. Ya rame, yana tafa hannu sama da kai, kuma rubutun ƙasan allo ya nuna damarsa ta ƙarshe ce. Ya taho a karkace, ya tashi, bayansa ya wuce sanda, ƙugunsa ya wuce. Dunduniya ta taɓa. Sandar ta yi rawa ta faɗo. Ya miƙe kan katifa ya ɗaga wa jama'a hannu, kyamara ta koma wajen masu gudu.

Kafin wani ya yi magana, ihu ya ɓarke daga gidan kallon da ke tsallaken titi. An ci ƙwallo, nan ba wanda ya gani. Rabin ɗakin suka yi waje suna zagi.

Babandi ya miƙo hannu. Ta ba shi rimot.

"Da makullin janareta," in ji shi.

Ta kwance shi daga bakin zane ta ajiye a kan benci. Ta rasa aikin da take ci da kanta da mahaifiyarta, kuma kafin Litinin babu mai gidan kallo a Lafiya da bai ji sunanta ba. Abin da ta samu shi ne ganin yayanta ya yi tsalle ɗaya, wanda bai tsallake ba.