Kujerar da Ta Daina Matsowa

Babu wata al'umma a tarihin duniya da ta ci gaba alhali sandar giyar motarta tana maƙale a jikin sitiyari. Bincike ne ya tabbatar da haka, kuma Darakta ne ya yi binciken, shi kaɗai, a kan kujerar falo, cikin watannin farko na ritayarsa. Da ya kammala, ya gabatar da sakamakon ga matarsa Malama, da safe, tana yanka burodi.

Darakta bai taɓa zama darakta ba. Ya riƙe wa wani kujera ne lokacin da mai ita ya tafi jinya. Mutumin ya warke ya karɓi kujerarsa, sunan kuwa ya ƙi komawa. Da aka sallame shi daga aiki, sai ya dawo gida da duk bayanan da a da yake raba wa ma'aikata, ya rasa wanda zai ba sai mutum ɗaya. Yara sun girma sun watse. Gidan kuma yana can bayan gari inda ko motar haya ba ta zuwa, domin lokacin da ya gina shi ya tabbatar wa kowa cewa gari zai biyo su. Har yanzu garin yana hanya.

Don haka Malama yake bi. Idan tana wanki, ya yi mata bayanin yadda sabulu ke aiki. Idan ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa, sai ya ɗaga murya don kada ƙofar ta cuce ta.

Abu ɗaya ya rage mata, ranar Alhamis. Ranar take ɗaukar motar ta tafi wajen yayarta a ɗaya ƙarshen gari. Motar gado ce daga mahaifin Darakta, ta girmi babban ɗansu, doguwa, mai kujerar gaba guda ɗaya shimfiɗe daga ƙofa zuwa ƙofa kamar ta falo. Malama gajeruwa ce. Idan ta shiga, sai ta laluba wani ɗan ƙarfe a ƙarƙashin kujerar, ta ja, ta turo kujerar gaba har ta ji ta ce ƙas a maƙura. Nan ne kawai ƙafarta ke kaiwa kuloci. Daga nan sai ta kashe rediyo, ta bi doguwar hanya, wadda ke zagayawa ta bayan masana'antu, ba don tana da kyau ba sai don tana da tsawo. Tana son yayarta, babu shakka. Amma da za a matsa mata ta faɗi gaskiya, hanyar ce take zuwa gani. A cikin motar nan ne kaɗai babu mai yi mata bayanin komai.

Baki shi ke yanka wuya. Wata Alhamis ta dawo, tana ajiye makulli, ta ce, "Giya ta biyu tana ɗan cijewa. Ko a sa mata giris?"

Darakta ya sauke jarida a hankali, fuskarsa ta yi haske irin na wanda aka kira shi ya dawo aiki.

"Giris? Maman yara, ai matsalar ba ta giris ba ce, matsalar tsari ce. Kin san ƙarafa nawa umarnin hannunki ke ratsawa kafin ya isa giyabos? Wannan ya taɓa wancan, wancan ya taɓa wani, kamar takarda a ofishin gwamnati. A ƙasa kuwa kai tsaye ne. Hannu, sanda, giya. Za a sauke ta ƙasa."

"Ni fa ban ce a sauke komai ba."

"Ba sai kin ce ba. Don ke zan yi."

Nan ya ɗaure ta. Da ya ce don kansa zai yi, da ta sami bakin gardama. Amma yaya mace za ta yi faɗa da alherin da ake shirin yi mata? Ta ce ta saba da ta sitiyarin. Ya ce sabo shi ne babban abokin gabar ci gaba. Ta ce motar ta Baba ce, a bar ta yadda ya bar ta. Ya ce da Baba yana raye da shi zai fara riƙe zarto. Ta so ta ce masa wannan motar ita ce ƙofar gidan nan, kada ya taɓa mata. Sai ta ga idan ta faɗa, zai tambaye ta wa take gudu. Ta haɗiye.

Bakaniken da aka kai wa aikin ana kiransa Injiniya, kuma injiniyancinsa da daraktancin Darakta uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Shi ya sa jininsu ya haɗu. Bai taɓa yin irin wannan aikin ba, kuma ya daɗe yana neman motar da zai koya a kanta. Darakta ya koma zuwa gareji kullum, da 'yar kujerarsa ta naɗewa da tulun shayi. Gidan ya yi tsit. Malama ta ji daɗin shirun nan har ta fara tunanin ko ta yi wa aikin mummunan zato. Alhamis ta zo ta wuce babu mota, wata ma ta wuce. Shirun da babu hanyar fita a cikinsa, ta lura, ɗanɗanonsa daban ne.

Ranar da aka ce an kusa gamawa, Darakta ya sa maƙwabci ya kai su garejin don ta ga abin da idonta. Rumfar kwano ce, ƙasa baƙi ƙirin da tsohon mai, matattun injuna jere a gindin bango. Motar tana tsaye a kan duwatsu, ƙofofi a buɗe. An naɗe shimfiɗar ƙasa, an huda rami a tsakiya wanda tukunya za ta iya wucewa, ta cikinsa kana ganin ƙasa da wata kaza da ta fake. Daga ramin wata sandar ƙarfe ta fito, an sa mata kai na roba mai ƙyalli. A jikin sitiyari, inda hannunta ya saba zuwa, sai ɗan dungulmi.

"Malama, barka da zuwa!" in ji Injiniya yana goge hannu a wando. "Yau kin shigo zamani. Yallaɓai, hau ka nuna mata."

Darakta ya hau, ya miƙe dogayen ƙafafunsa, ya kama sandar. Ɗaya, biyu, uku, huɗu. A biyu da huɗu sandar na dawowa baya har ta daki leɓen kujera.

"Kin ji? Kamar wuƙa a cikin man shanu."

Malama ba sandar take kallo ba. Ta sunkuya tana neman ɗan ƙarfen nan na ƙarƙashin kujera. Babu shi. A kan layin da kujerar ke gudu, an ɗora wani kumburin walda mai kama da tabon ƙuna, nan da can.

"Injiniya, ina abin matso da kujera?"

"Au, wannan? Ai mun sallame shi. Kin ga idan kujera ta matso gaba, sanda ba ta da wurin komawa baya, biyu da huɗu ba za su shiga ba. Sai muka kai ta ƙarshe muka kama ta da wuta. Yanzu ko giwa ta zauna ba za ta motsa ba."

"Da wa kuka auna?"

"Da yallaɓai mana. Ya zauna, muka auna tsaf. Har sau biyu."

Ta dubi mijinta. Shekaru suna tuƙa mota ɗaya, kullum ya shiga sai ya tura kujerar baya yana mita wai wa ya matse masa wuri. Bai taɓa haɗa mitar da ƙafafunta ba.

"Darakta, ƙafata ba za ta kai ba."

"Za ta kai. Jiki yana bin tsari. Bare ga matashi, me aka yi shi don shi?"

"Haka ne, ranka ya daɗe," in ji Injiniya. "Matashi biyu, magana ta ƙare. Ni akwai wani gajere da na sani, tirela yake ja."

"A mayar da ita yadda take," ta ce, a hankali, don kada ta ba mijinta kunya a gaban mutane.

Injiniya ya yi dariya, ya ɗauka wasa ne. Ƙarafan da ke haɗa sitiyari da giyabos, in ji shi, sai da aka yanka su gunduwa-gunduwa kafin su fito, masu sayen tsoffin ƙarafa sun riga sun kwashe. Irinsu kuwa an daina yi tun yana goye. Tsohuwar sandar ce kawai ta tsira, ita ma Darakta ya sa an goge ta za a kafa ta a bangon falo, don jikoki su ga inda aka fito.

Motar ta dawo gida ranar Laraba. Washegari, Darakta na wanka yana yi wa bokiti bayani, Malama ta kwashi matasan falo ta nufi rumfar mota. Ta sa ɗaya a bayanta. Yatsun ƙafarta suka shafi kuloci kamar mai gaisuwa daga nesa. Ta ƙara na biyu. Ƙafar ta kai, amma kulocin tsohuwar mota sai an taka shi har ƙasa, kuma da ta danna sai matasan suka lotse, ta zame baya. Ta ƙara na uku. Yanzu tana zaune a leɓen kujera kamar baƙuwar da ba a yi wa maraba ba, ƙirjinta a jikin sitiyari, sandar kuwa ta koma bayan gwiwar hannunta. Ta murɗa kafaɗa ta kamo ta, ta tayar da injin, ta sa ribas. Motar ta yi tsalle ta mutu. Ta sake. Hannunta, da kansa, ya tashi ya nufi jikin sitiyari, ya kama iska.

Ta zauna a wurin. Bango a dama, bango a hagu, ƙofar gida a rufe cikin madubi. Wani zafi yana tasowa daga ramin da aka rufe da guntun roba, ga warin hayaƙi.

Ta kira yayarta.

"Guntuwa, kina ina? Na dafa ruwan shayi har ya huce."

"Yaya, ina cikin mota."

"To taho mana."

"Motar ce aka gyara."

Yaya ta saurari labarin har ƙarshe, ta yi dariya sai da tari ya kama ta. "Garin neman gira an rasa ido. Ni dama tun ranar da aka kawo mana shi na ce wannan tsawon nasa sai ya ja mana magana. Ki ce ya saya miki ƙafa mana, tunda shi ne mai tsari."

"Yaya, ba abin dariya ba ne."

"Na sani," in ji Yaya, muryarta ta sauka. "To ya za ki yi? Sai dai shi ya kawo ki."

Haka aka yi. Darakta ya fito cikin shiga ta fita, ya tarar da ita tana mayar da matasai falo, ya ce kada ta damu, kowane sauyi yana da lokacin sabo, kafin nan shi zai riƙa kai ta, da ma ya daɗe bai gaisa da Yaya da kyau ba. Zai zauna tare da su har yamma. Ta zagaya ta shiga ɗaya gefen. Ya bi gajeriyar hanya, domin bincike ya nuna doguwar ɓarnar mai ce. Ya kunna rediyo, sannan ya rage muryar rediyon don a ji tasa.

Sun hau babban titi, ya sa giya ta huɗu, sai sandar ta daki leɓen kujera ta yi tsalle ta fice. Injin ya yi kururuwa a banza. Ya mayar, ta sake fita. Ya mayar da ƙarfi, ta fita da ƙarfi.

"Sabon abu ne, bai gama zama ba," ya ce. "Maman yara, ɗan riƙe min ita nan. Danna baya. Yauwa, kada ki saki."

Ta ɗora hannu a kan robar mai ƙyalli ta danne. Sandar na rawa a tafinta, zafin salansar motar na hurowa ta ramin yana gasa mata ƙwauri. Motar ta miƙe lafiya lau.

"Kin gani? Kai tsaye. Da a sitiyari take, ina za ki iya taimaka min haka? Gobe ma zan je ganin likitan ido, jibi akwai taron tsofaffin ma'aikata. Sai ki riƙa raka ni, kafin ta zauna."

Malama ta ce to. Da ɗaya hannun ta tattara bakin zanenta ta toshe gefen ramin inda ya fi zafi. Suka wuce mahaɗar da doguwar hanya ke ɓallewa, ta bi ta da ido har ta ɓace. Darakta ya gyara murya, ya fara bayanin yadda aka ƙirƙiro kwalta.