Rigunan da Suka Zama Matasai

Da safiyar da sojojin gwamnati suka buɗe wa garin wuta, ba ƙarar igwa ce ta tayar wa Tela hankali ba. Rigunan kaki arba'in ne rataye a shagonsa, kowace da jan ƙyalle a kafaɗa. Na 'yan tawaye ne. Wata bakwai suna riƙe da garin, kuma da bakin bindiga suka kawo masa ɗinkin. Amma wane soja zai tsaya jin wannan bayani?

"Maigida, mu ƙona su," in ji matarsa.

"Hayaƙin fa? So kike jirgi ya sako mana gaisuwa?"

Surukarsa, tsohuwa mai nauyin kunne, ta ɗauka hadari ne ake yi. Da aka faɗa mata da ƙarfi, sai ta ɗauki almakashi ta zauna.

"Kai dai hau kekenka. Ke kuma farke katifar can."

Tsohuwa na cire hannu da kwala, Tela na taka keke, matarsa na cusa auduga. Duk lokacin da ƙasa ta girgiza sai ɗinkin ya karkace.

"Haka ka iya aikin?" in ji tsohuwa. "Da na sani da ban ba ka 'yata ba."

"Inna, yaƙi fa ake yi!"

Kafin azahar 'yan tawaye sun tsere ta bayan kasuwa, riguna arba'in sun zama matasai arba'in. Jajayen ƙyallen kuwa tsohuwa ta tura su cikin wanda take zaune a kai.

Can aka buga ƙofa. Wani ƙaton saje ya shigo a karkace, bayansa manne da bango. Ya daɗe yana kallon tulin matasan.

"Kai ne telan?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

Saje ya rage murya. "Wandona ya yage wajen dirowa daga mota. Yarana ba su gani ba tukuna."

Aka ba shi zanen matar gida ya ɗaura. Ya zauna kan matasai, bindiga a cinya, tsohuwa na yi masa faɗa kan tsalle-tsalle da girmansa, yana ta cewa, "Gaskiya ne, Mama."

Tela bai taɓa yin ɗinki mai kyau irin na wandon nan ba. Har sau uku ya bi ta kan ɗinkin.