Saƙon da Mama Tela Ta Hana Ɗanta

Ina tsakiyar tsefe mata kai wayarta ta yi ƙara a ƙarƙashin matashi. Hannuna duk mai ne, na goge a zani na ɗauka, don a lokacin ko kofi ba ta iya riƙewa sai da hannu biyu.

"Wa ke magana?"

Na ji ƙarar motoci daga can nesa. Sannan muryar wani namiji ta ce, "Don Allah, wayar Mama Tela ce?"

"Ita ce. Maƙwabciyarta ce ta ɗauka."

"Ki ce mata Dogo ne. Na ji ba ta da lafiya. Ki tambayar mini ita ko in zo."

Ba sai na maimaita ba, ɗakin ƙarami ne, ta ji komai. Tana jingine da bango, rabin kanta a tsefe, rabi a kitse, idonta a kan labule.

"Ki ce masa ya zo ranar Alhamis," ta ce. "Ina da saƙonsa."

Na faɗa masa. Na koma kan kitson. Duk gidan hayar nan ni kaɗai na san ko wane saƙo ne.

Shekara tara muna haɗa bango da Mama Tela. Ni ina kitso a ƙofar ɗakina, ita tana taka kekenta na ɗinki a ƙofar nata, muna hira ba tare da mun dubi juna ba. 'Ya'ya biyu ta haifa. Babban shi ne Dogo, direban babbar mota, wanda ban taɓa gani ba. Ƙaramar kuwa Auta, wadda hotonta kawai na sani, tana sanye da kayan makaranta, tana dariya da wushirya.

Shekara goma sha biyu ke nan, Dogo ya dawo daga tafiyar kwana biyu bai runtsa ba, ya ce zai kai Auta makaranta a motar abokinsa. Uwar ta ce ya kwanta tukuna, yarinya ta bi motar haya. Ya ce shi da tuƙi kamar numfashi ne. Barci ya ɗauke shi a hanya, motar ta kife. Shi ya fito da karaya a ƙafa, Auta kuwa ba ta kai yamma ba. Kafin uwar ta isa asibiti ya lallaɓa ya fice da ƙafar a haka. Bai zo jana'iza ba, bai sake taka gidan ba.

A cocinmu Mama Tela ce ke koyar da mata kowace Talata, kuma darasin da ta fi ƙwarewa a kai shi ne yadda mai bi zai tsaya wa Shaiɗan. Takan ce, "Ku daina neman sa da ƙaho. Shi ba ya fasa ƙofa, sallama yake yi, kuma ya san muryar da zai ara." Mata su yi dariya, su koma gida da ƙarfin gwiwa. Ni ma tawa jarabar, wato tsegumi, wadda sana'ar kitso ke kawowa har ƙofa, a hannunta na koyi rage ta.

Amma wata rana ina zura mata zare a allura, don idonta ya fara rauni, sai ta ce mini, "'Yar nan, akwai magana a bakina da na ajiye wa yaron can. Kalma-kalma na haɗa ta, na auna, na rage, na ƙara. Ranar da na faɗa masa ita ido da ido, ba zai ƙara ganin daidai ba." Farkonta kawai ta faɗa mini: "Kai da ka bar 'yata a hannun baƙi." Ta ce kullum da safe maganar ke riga ta tashi, sai ta yi addu'a ta danne ta kafin ta iya sa ƙafa a ƙasa.

Yanzu kuma ga shi likita ya ce a mai da ita gida a riƙa ba ta abin da take so, kowa ya gane nufinsa.

Ranar Laraba fasto ya zo. Matashi ne, a gaban Mama Tela ya girma, ita ta ɗinka masa rigar da ya fara hawa bagade da ita. Ya zauna a kujerar roba, gwiwarsa na gogar gadon. Ban san lokacin da bakina ya suɓuce na ce Dogo zai zo gobe ba. Ta harare ni.

"Kin ga aikin Talata bai gama kama ki ba," ta ce.

Fasto ya yi murmushi, sannan ya ce, "Mama, kin san ba da Dogo kike yaƙi ba."

"Na sani, Fasto. Ni na koya wa uwarka wannan. Sanin ne ma ya yi mini yawa."

"To me ya rage?"

A tsakar gida wata na ɗauraye kwanuka a bakin famfo.

"Da a ce da muryar ƙiyayya yake zuwa, da tuni na kore shi," ta ce. "Da muryar Auta yake zuwa. Sai in ji kamar tana cewa, Mama, in kin yafe masa, ni kin bar ni ke nan a asibitin can. Wa zai tsaya mini? To gaya mini, Fasto, yaya uwa za ta ce wa wannan murya ta tafi?"

Na zaci zai jero mata ayoyi. Bai yi ba. Ya sunkuyar da kai yana murza yatsunsa.

"Auta ta taɓa roƙon ki ki cuci yayanta?"

"Ita? Ko na ɗaga masa murya sai ta shiga tsakani."

"To ba ita ba ce, Mama. Aron muryar aka yi." Ya ɗan tsaya. "Ba ni da wata dabara da ta wuce wadda kika sani. Ba a ce sai zuciyarki ta yi sanyi kafin gobe ba. Ki tsaya kawai. In ƙafarki ta gaza, ki kira Mai riƙe ki."

Ya yi addu'a gajeriya ya tafi. Bayan fitarsa ta ce mini, "Gobe ki rufe sana'a ki zauna kusa da ni. In kika ji na fara, ki matse mini hannu."

"Mama, ni wace ce da zan shiga tsakanin uwa da ɗa?"

"Ban ce ki shiga ba. Hannu na ce."

Da hantsi ya iso. Na gane shi tun daga ƙofar gida, don sai da ya sunkuya kafin ya shigo. Yana ɗingishi, furfura ta cika masa kai fiye da shekarunsa, ga leda da lemu a hannu wadda ya rasa inda zai ajiye. Ya cire takalmi, ya durƙusa a bakin ƙofar ɗakin, bai ƙarasa ciki ba.

"Mama."

Ina zaune a gefen gado, hannunta cikin nawa, ba nauyi kamar na ƙaramin yaro. Ta ƙura masa ido tun daga kai har ƙafar da ta karye. Na ga leɓenta na motsi.

"Kai," ta ce. Muryar ta fito da ƙarfin da na yi wata guda ban ji ba. "Kai da ka bar 'yata..."

Na matse hannun. Allah ya sani na matse har na ji tsoron kada in karya mata yatsa. Ta tsaya. Gumi ya tsatso mata a goshi, ƙirjinta na hawa da sauka.

Sai Dogo ya yi abin da ba wanda ya shirya masa. Ya ja gwiwa ya matso har gaban gadon, ya miƙa kansa.

"Ki ƙarasa, Mama. Abin da ya kawo ni ke nan. Na san akwai maganar da kika ajiye mini, kuma na cancance ta. Shekara goma sha biyu ban yi barcin kirki ba. Da na rufe ido sai in ga titin nan. Na bar tuƙi, gadi nake yi, tunda dai idona ba ya rufuwa. Ki faɗa kawai, ko na san an yanke mini hukunci in huta."

Ga magana a baki, ga mai ita ya zo da kansa yana roƙo. Ban ga abin da zai hana ta fita ba. Na saki hannun ma, don na ga ba sauran amfaninsa.

Ita ce ta lalubo hannuna ta sake kamawa. Ta rufe ido.

"Yesu, ka riƙe mini baki," ta ce a hankali. Ta sake faɗa. Ta faɗa sau na uku, a haka muryar na raguwa.

Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka a haka ba. Na ji mai gyaran takalmi ya wuce a titi yana ƙwanƙwasa akwatinsa, har ƙarar ta ɓace. Da ta buɗe ido sai na ga kamar ta sauke tulu daga ka. Ta dube ni.

"Kin ga wayon Shaiɗan? Da ya ga ni kaɗai ba zan iya ba, sai ya je ya ɗauko yaron ya taya shi roƙo." Ta juya wajen ɗanta. "Ba zan ba ka maganar ba. Ka zo da nisa, amma ba za ka samu ba. Shaiɗan ya ba ni ajiyarta, shi kuma zai zo ya tarar ban kashe ko kalma ɗaya ba."

"Mama, ni na kashe ta."

"Barci ya kashe ta, da taurin kanka. Gudun da ka yi kuma ya fi ci mini rai, ba zan ɓoye maka ba. Amma 'ya ɗaya na binne, ba zan binne na biyu da bakina ba. Matso."

Ya matso. Ta ɗora hannu a kan furfurar nan.

"Na yafe maka. Ubangiji ya yafe mana duka. Allah ya ba ka barci."

Kukan da ya yi ban taɓa jin namiji ya yi irinsa ba, ba ƙara, sai kafaɗu ke girgiza. Ta bar shi ya yi mai isarsa. Can ta ce, "Lemun nan kallo ka kawo mana, ko sha za a yi?"

Na fita tsakar gida na zauna a kan turmi. Matan gidan suka taso suna tambayar lafiya. A karo na farko a rayuwata ina da labari mai zafi a baki, na ce musu, "Lafiya lau."

Da azahar na leƙa. Yana kwance a kan tabarma a gindin gadonta, ƙafafunsa sun yi wa tabarmar tsawo, yana minshari. Ita kuma ta ɗora yatsa a baki kada in tashe shi.

Kada in yi ƙarya in ce daga nan komai ya wuce. Ranar Juma'a da safe na kawo mata ruwan ɗumi, Dogo ya fita sayen magani, sai ta ce mini, "Ta dawo fa."

"Wa?"

"Maganar. Ina buɗe ido na gan shi yana shan shayi da kofin Auta, sai ga ta har kan harshe."

"Kika yi yaya?"

"Na ce mata an rufe shago. Ta ɗan tsaya a ƙofa, ta ga ba ciniki, ta wuce." Ta yi 'yar dariya wadda ta koma tari. "Ki faɗa wa matan Talata, ba a gama wannan yaƙi rana ɗaya. Amma na biyun bai kai na farko wuya ba."

Ranan nan ta sa shi ya ba ta labarin inda ya zauna duk shekarun nan, da matar da ya aura, da 'yarsa mai shekara shida wadda ba ta san tana da kaka ba. Ya nuna mata hoton a waya. Ta daɗe tana kallo, ta ce kunnuwan nasa ne, Allah ya sa dai ba ta ɗauko taurin kan ba.

Ranar Asabar da hantsi ta cika. Yana ba ta ruwa da cokali, ta sha biyu, ta kawar da kai daga na uku kamar mai cewa ya isa. Ni ina naɗe kaya a gefe. Ba ta yi fama ba, ba ta kira kowa ba. Shi ya rufe mata ido. Da fasto ya iso ya dubi fuskarta, ya dube ni, na gyaɗa masa kai, sai ya sauke numfashi ya zauna. Na yi kuka, amma irin kukan da mutum ke yi bayan an fito da nasa daga ɗakin tiyata lafiya.

Washegarin jana'iza, bayan mutane sun watse, na kwaso zannuwan gadonta zan wanke. Dogo ya ce in bar masa. Bai iya wanki ba, ya zuba sabulu kamar na mutum goma, sai da na taya shi ɗauraya. Muka kama babban zanen, shi a wancan bakin, ni a wannan, muka murɗa har ruwan ya tsane. Da yake dogo ne, bai buƙaci ɗaga ƙafa ba, ya shanya shi a igiyar sama wadda ba mai kaiwa gare ta a gidan. Zanen ya yi ta ɗiga a kan siminti, wasu 'yan tsuntsaye biyu suka sauko suna shan ruwan.