Kabarin da Ya Jira Baba Jethro

"Ina da kabarina," in ji Baba Jethro, ya ture kofin kunun da jikarsa Debby ke miƙa masa. "Can za ku kai ni."

Ni gishiri na shigo roƙo, sai na kasa fita. Shekara da shekaru katangarmu ɗaya a Narayi, ban san tsohon nan da komai ba sai ƙorafin wuta da korar kajina. Ɗansa Joseph ya raɗa mini, "Maman Emma, rikicin tsufa ne. Mun gama magana da coci, nan Kaduna za a sa shi."

Ashe ya ji, da kunnen nan da kullum yake cewa ya mutu!

"Zauna, 'yata," ya ce mini. "Lokacin yaƙin Turawa aka zo ɗiban gwamna, a kwashi samari dole a kai su haƙar kuza a Jos. Waɗanda aka fara ɗiba, sanyi da tari suka cinye rabinsu. Da aka zo kaina, ƙauyenmu suka ce ba mai ƙara tafiya. Aka tura ni rumbu, dawa har wuya. Babata ta naɗe dutsen niƙanta a tabarma, aka binne a gaban dogarai a matsayin gawata. Ina jin mata suna kukana. Gari guda, har yara, ba wanda ya tona."

Ya huta, ya ce, "Sun riƙe mini wuri. Abin kunya ne in ƙi zuwa."

Na tafi ba gishirin.

Ranar Talata ya cika. Joseph ya kai gawarsa ƙauye yana gunaguni, don dai kada a ce. Debby ce ta ba ni sauran labarin da suka dawo. Wata tsohuwa ta nuna musu gindin ɗorawa inda kabarin yake, aka yi ta haƙa, sai shebur ya bugi abu. Joseph ya dira ramin da fararen kayansa, ya rungumo dutsen yana kuka kamar yaro. A gurbin aka kwantar da Baba.

Yanzu dutsen na ƙofar gidansu, inda kujerar Baba take a da. Tsakiyarsa ya lotsa saboda niƙa. Jiya da aka yi ruwa ya taru a ciki, kajina suka je suna sha, ba wanda ya kore su.