Ƙwarya Biyu a Teburin Wakili

Malama Mariya tana zaɓar albasa a kasuwar Yelwa ta ji maganar a karo na uku. Wai masuntan Tungar Ɗangana guba suke zuba wa rafi, shi ya sa kifi ke tasowa ciki sama. Wai kamfanin da ke sayen bandar kifi yana ɗurawa a leda zuwa Legas ya soke sunansu, kuma ranar Juma'a ƙaramar hukuma za ta kwashe musu komayen kamun kifi.

Shekara talatin ta yi tana koyarwa, tun kafin a yanke Kebbi daga Sakkwato, kuma ba ta taɓa ba ɗalibi maki a kan "an ce" ba. Ta ajiye albasar, ta sayi ƙwarya biyu, ta nufi bakin ruwa.

Ɗangana, mai tungar, tsohon ɗalibinta ne. Ta tarar da shi zaune kusa da kwandunan kifin da suka fara funfuna.

"Malama, wa zai zuba guba inda ɗiyanshi ke sha?"

"Mutane sun yi wautar da ta fi wannan. Ban zo jin rantsuwa ba. Ɗauko birgi, komar jifan nan taka, ka tuƙa ni sama a kwalekwale."

Suka bi rafin. A gaban tunga matattun kifi na yawo. Suka wuce gidan ƙarshe, suna nan. Suka wuce gonakin shinkafa, suna nan. Ta ce a ranta, ruwa dai ba ya hawa tudu. Sai a bayan katangar kamfanin, inda wata kwata ke tsiyaya, suka ga iyakarsu. Gaba da nan ƙananan karfasa na wasa abinsu.

Ta ɗebi ruwa sama da kwatar a ƙwarya guda, ƙasa da ita a ɗayar. Ɗangana ya jefa birgi, ta saka karfasa masu rai uku-uku a cikin ƙoren.

Wakili, jami'in sayen kaya na kamfanin, yana cike takardu ta shigo ta dire masa ƙoren a tebur.

"Hajiya, lafiya? Nan ofis ne fa!"

"Na ga alama, ga fanka. Kai ka soke mutanen tunga?"

Ya nuna mata takardar da ke manne a bango. "Ƙa'ida ce daga Legas. Ba mu sayen kifi a hannun mai ɓata ruwa, ko wane ne shi."

"Ƙa'ida mai kyau, wallahi. Ko wane ne shi, ko?" Ta ja kujera ta zauna.

"Hajiya, ki tashi kafin in kira mai gadi."

"Kira shi, ɗana. Shi ma ya samu abin kallo."

Ba a jima ba kifayen ƙwaryar hagu suka fara juyi, suna haƙi a saman ruwa. Ɗaya ya kife, na biyu ya bi shi. Na dama suna ta zagayensu.

"Ruwan hagun na ƙasa da kwatar bayan katangarku ne," in ji ta.

"Ina na san inda kika ɗebo?"

"Taso mu tafi, ka ɗebo da hannunka. In ka yarda da shi, ka kurɓa."

Bai tashi ba.

Ta taga ta hango wani dattijon lebura, goye da tankin feshi, hancinsa ɗaure da tsumma. Ta ɗaga murya.

"Malam! Yaya sunanka?"

"Usman, Inna."

"Mi kake fesawa?"

"Maganin ƙwari ne, don kada su ci kifin sito."

"In ka gama, ina kake wanke tankin?"

Wakili ya buɗe baki, amma Usman ya riga shi.

"A kwatar baya, Inna. Litinin da Alhamis. Nan aka nuna mini tun da aka buɗe kamfani."